Filin Uwargida: Mun Tafi Neman Sunan Kakata

 Mako biyu ke nan ba ku ga wannan fili ba, har waɗansunku sun aiko suna tambaya ko lafiya. Lafiya lau, tafiya na yi. Yau kuwa labarin tafiyar zan ba ku, gama akwai abin da na samo a cikinta, akwai kuma abin da na rasa saboda sakacina, ba na so wata a cikinku ta rasa irinsa.

Ga mafarin abin. Autata, mai shekara 14, ta zo hutu da wani aiki da malamarsu ta ba su, watau kowace yarinya ta rubuto sunayen kakanninta, na wajen uba da na wajen uwa. Wajen uba bai yi wuya ba, maigida ya zauna ya jera mata maza bakwai, wane ɗan wane, ko numfashi bai ja ba. Da aka zo kaina na faɗi sunan mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, sa'an nan na tsaya cik. Uwar da ta haife ta Iya muke ce mata. Na yi wayo na same ta da rai, na ci tuwon hannunta, na kwana a bayanta, amma ban taɓa jin sunanta na yanka ba, balle in san inda aka haife ta. Yarinya ta dube ni ta ce, “Umma, ashe ba ki san sunan kakarki ba?” Kunya ta rufe ni.

Na tabbata ba ni kaɗai ba ce. Sunan namiji yana bin 'ya'yansa, yana cikin takardar makaranta da ta gona. Sunan mace kuwa alkunya ta binne shi tun tana da rai. 'Ya'yanta su ce Inna, jikoki su ce Iya, surukai su ce Hajiya, in an yi mata takwara a ce wa jaririyar Ummi ko Mama don kada a kama sunan. Ga shi kuma aure ya ɗauke ta daga garinsu ya kai ta wani. Alkunya abu ne mai kyau, ban ce a bari ba, amma in ba a rubuta ba, kafin jikoki su girma sunan ya ɓace.

Wadda ta rage mini a ɗakinsu mahaifiyata ita ce yayarta, Inna, tana zaune a wani ƙauye gabas da Dambatta. Shekara uku ina cewa zan je, yau biki, gobe rashin kuɗin mota, jibi sanyi. Wannan karo na nemi izini wurin maigida, ƙanena ya ɗauko motarsa, muka sa Auta a baya, muka tashi daga Zariya ranar Jumma'a da sassafe. Na yi niyya in jefi tsuntsu uku da dutse ɗaya: in ga Inna, in gai da ƙawayena biyu da muka yi makarantar kwana tare, in kuma nuna wa yarinyar nan birnin Kano, gama ba ta taɓa ganinsa ba sai ta tagar mota.

Muka bi ta Kwanar Dangora da Kura, muka isa Kano kafin a tafi masallaci. A cikin birni muka sauka, gidan ƙawata ta fari. Shekara 11 rabona da ita ido da ido, ko da yake kusan kowane mako muna gaisawa ta waya. To, nan na ga iyakar waya. Ashe ciwon ƙafa ya kama ta har ba ta iya durƙuso, ashe 'yar marigayiyar ƙanwarta tana hannunta, duk ba ta taɓa faɗa mini ba, kullum sai lafiya lau. Da gaskiyar masu iya magana, zumunta a ƙafa take.

Ran Asabar muka shiga gari kallo. Muka fara da Dutsen Dala tun rana ba ta yi zafi ba. An yi masa matakala, amma duk da haka sai da na huta sau uku. Daga bisa ana ganin birni duka, ga Goron Dutse, ga hasumiyoyin babban masallacin Jumma'a wanda aka sāke ginawa a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka gama a 1951. Na nuna wa Auta inda ganuwa ta bi, wadda littafin tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara ta, shi kuwa ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134. Wurare da yawa ta zaizaye, waɗansu wuraren an ci ta da gini. Abin tausayi.

Daga nan sai Gidan Makama, daura da Gidan Sarki, wanda yanzu gidan ajiye kayan tarihi ne. Akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da kayan yaƙi, da hotunan sarakuna, da ɗakin amarya irin na dā da jerensa. Auta ta tsaya tana karanta sunayen sarakuna tun daga Bagauda, ta ce, “Umma, su ma duk maza ne.” Na ce haka ne, amma akwai abin da ba ki sani ba. Malaman da suka rubuta tsohon littafin tarihin Kano, kusan kowane sarki suka ambata sai sun faɗi sunan uwar da ta haife shi. In mutanen dā ba su ga aibin rubuta sunan uwar sarki ba, mu me zai hana mu rubuta na tamu uwar?

Muka leƙa marinar Ƙofar Mata, wadda aka ce tun 1498 ake rini a cikinta, muka tarar da 'yan tsirarun marina suna tsoma zane a baba, ramuka da yawa kuwa sun bushe. Muka ƙarasa Kasuwar Kurmi, wadda Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa, shi da ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Can na yi wa Inna tsaraba: turmin atamfa, da goro, da turaren wuta, da man zafi. A hanyar komawa na saya wa Auta littafin rubutu mai kauri da alƙalami biyu, na ce wannan shi ne kayan aikinki.

Ran Lahadi muka kama hanyar arewa. Muka wuce Dawanau, babbar kasuwar hatsin nan, sa'an nan muka bar hanyar Katsina muka bi wadda ta nufi Kazaure da Daura. Ku da kuka saba da ƙasar kudancin Zazzau, inda akan yi tafiya mai nisa cikin daji, za ku yi mamakin wannan ƙasa. Ba daji ko kaɗan. Gona tana jikin gona, gida yana hangen gida, iyaka kuwa 'yar gamba ce ko shingen aguwa, sai burtali inda shanu ke bi. Ba a barin gona ta huta a nan, kowace shekara sai an nome ta, taki ne ke riƙe da ita. Da yake bayan kaka ne, an kwashe gero da dawa da wake, an tsayar da kara, an ɗora harawa a kan itatuwa, an fara zuba taki tsibi-tsibi. Itatuwan ma ba na banza ba ne, kowanne da mai shi: ɗorawa, da kuka, da tsamiya, da kanya, da gawo wanda ke fid da ganye da rani sa'ad da sauran suka kaɗe. A dā jakuna ne ke kai itace birni su komo da shara a mangala don gonakin da ke kusa da gari. Na ce wa Auta ta duba da kyau, gama ƙasar da mutane suka yi yawa haka, kowane taƙi na gona yana da tarihinsa, wanda bai san kakanninsa ba kuwa ba zai san gonarsu ba.

Muka tarar kasuwar Dambatta tana ci, shanu da tumaki da raƙuma har bakin hanya. Dambatta garin Sarkin Bai ne, ɗaya daga cikin masu zaɓen Sarkin Kano, sarautar kuwa ta gidan Fulani Dambazawa ce. Ba mu daɗe ba, muka sayi rake da ƙuli-ƙuli, muka saki kwalta muka bi turɓaya. Kafin la'asar muka yi sallama a ƙofar gidan Inna.

Na same ta a kan tabarma a bakin ɗakinta, idon ya yi rauni amma kunne da hankali garau. Na durƙusa na gaishe ta. Ta shafa fuskata ta ce, “'Yar nan, ashe kina tuna hanya?” Ban sami abin cewa ba. Ta jawo Auta ta ce, “Wannan ce kishiyar tawa? Zo nan in ga ko kin fi ni kyau.” Aka yi dariya, aka kawo fura.

Ban tambaye ta kome ba ran nan, kuma ina ba ku shawara ku ma kada ku yi. Tsohuwa ba alƙali ba ce da za a tsare ta da tambaya. Sai washegari da hantsi, muna ɓarar gyaɗa, na ce, “Inna, wace shekara aka yi miki aure?” Ta ce ita ina ta san shekara, amma dai an kai ta ɗaki da kakar da Sarki Abdullahi Bayero ya rasu, tana da kamar shekarun wannan kishiyar tata, ta kuma yi haihuwar fari shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo Kano. Auta ta rubuta. Sarki Abdullahi ya rasu a 1953, Sarauniya ta zo a 1956, ashe an haifi Inna wajen 1939. Kun ga yadda ake yi. Tsofaffi ba su riƙe lamba, amma suna riƙe abin da ya faru, mu masu karatu aikinmu ne mu sa lambar.

Da dare, bayan yara sun kwanta, ita da kanta ta ɗauko zancen Iya. Ta sa aka jawo wata tsohuwar fantimoti daga ƙarƙashin gado, ta fito da wata 'yar munduwa ta tagulla, wadda ko hannun Auta ba za ta shiga ba. Ta ce da wannan Iya ta zo garin nan.

Ga labarin yadda ta ba mu. Shekarar yunwar da ake kira Ƙaƙalaba, mutane suka yi ta gangarowa daga arewa suna neman abinci. Wata mace ta iso ƙauyen daga ƙasar Damagaram, da goyon namiji a baya, tana jaye da yarinya wadda ta fara famfara, mijinta ya mutu a hanya. Wani manomi mai sauran tsohon gero a rumbu ya sauke su. Uwargidansa ba ta taɓa haihuwa ba. Bayan kwana kaɗan matar ta damƙa mata yarinyar amana, ta ce za ta shiga birni neman aikatau, in damina ta yi kyau za ta komo ta ɗauke ta. Ba ta komo ba, ba a kuma sāke jin labarinta ba. Yarinyar nan ita ce Iya. Uwargidan ta riƙe ta kamar ita ta haife ta, da ta isa aure aka ba ɗan ƙanen maigidan, shi ne kakanmu. Inna ta ce har Iya ta tsufa, in an yi baƙi daga arewa ran kasuwa sai ta fita ta dudduba fuskokinsu, ko za ta ga mai zane irin nata.

Yunwar nan ta biyo bayan farin 1913, ta yi tsanani a 1914. Yarinya mai famfara kuwa shekararta 6 ko 7. Ashe an haifi kakata wajen 1907, a ƙasar da yau take cikin Jamhuriyar Nijar. Inna ta faɗi sunanta na yanka, ta faɗi na uwar da ta bar ta, ta faɗi na uwargidan da ta riƙe ta. Auta ta rubuta duka uku. Ba zan sa su a jarida ba, ni ma ina da tawa alkunyar, amma suna cikin littafi.

Sai na ce, “Inna, wane gari ne a ƙasar Damagaram?” Ta yi shiru. Can ta ce, “Wannan sai Kawunki. Shi Iya ta faɗa wa, har ya taɓa zuwa can da ƙuruciya yana cin rani, ya ce ya ga masu irin zanenta. Ni ban riƙe ba.” Kawu kuwa ya rasu bara da damina, ya haura shekara 90, da hankalinsa har ranar da ya cika. Ta waya na yi ta'aziyya. Da na zo shekara uku da suka wuce, sa'ad da na fara cewa zan zo, da yanzu na san garin kakata, watakila ma da na sami danginta. Daren nan ban yi barci ba. Da na sani ƙeya ce.

Da safe wata matar gidan ta ja ni gefe, ta ce kada in bari yarinya ta kai wannan labari makaranta, kada a ce kakarmu baiwa ce ko tsintacciya. Inna ta jiyo ta. Ta ce, “Ba a saye ta ba, ba a sayar da ita ba, amana aka bayar, aka kuma riƙe. Wadda ta ba da 'yarta don ta rayu da wadda ta karɓa ta raba 'yar loma da ita, wace ce abin kunya a cikinsu?” Ni ma ra'ayina ke nan. Kowa so yake a ce kakansa malami ne daga Barno ko ɗan sarki ne da ya rasa sarauta. Amma in za ki rubuta asali, rubuta wanda kika tarar. Na ƙarya ba shi da amfani ga jikokinki.

Kada kuma ku ce wannan aikin marasa abin yi ne. A zaman nan Inna ta lissafa mana yara huɗu na maƙwabta da Iya ta shayar, da biyu da mahaifiyata ta shayar kafin ta bar ƙauyen. Kun san shayarwa tana haramta aure kamar yadda haihuwa take haramtawa, maza kuwa ba su riƙe wannan lissafi, yana wurin tsofaffin mata. In sun tafi da shi, wa zai tsai da auren da bai halatta ba? Haka kuma ta faɗi gonar da ta zama rabon mata a gadon kakanmu, da itacen ɗorawar da ke iyakarta.

Ran Talata muka yi sallama, muka ƙarasa Kazaure wurin ƙawata ta biyu, tafiya kaɗan ce daga Dambatta. Sa'ad da muke makaranta jiharmu ɗaya, amma tun 1991 Kazaure tana cikin Jihar Jigawa. Na ba ta labari muna cin dambu. Kafin in gama ta aika a kira mata surukarta daga cikin gida, ta ce wa 'yarta ta kawo takarda. Muka kwana ɗaya, ran Laraba muka komo Zariya lafiya.

To, 'yammata, ga abin da nake roƙonku da wannan hutu. Kowace ta nemi littafi, ta je wurin tsohuwar da ta fi kowa shekaru a danginsu. Ki tafi da 'yar tsaraba, ki taya ta aiki, ki bar ta ta yi zance yadda take so. Ki tambayi sunan yanka da laƙabi duka, gama Indo A'ishatu ce, Dije Hadizatu, Abu Zainabu, Binta Fatsima. Laƙabin ma yana ba da labari: Ladi da Talatu da Jummai sun faɗi ranar haihuwa, Azumi da Tasalla sun faɗi wata, Gambo ta bi tagwaye, Kande ta bi maza, Talle maraya ne. Ki tambayi garin da aka haife ta, da garin uwarta, da sana'ar gidansu, da ma'anar zanen fuskarta, da wanda ya sha nonon wa. In akwai waya ki ɗauki muryarta, da izininta, amma ki rubuta kuma, gama waya takan faɗa ruwa.

Don sa shekara, ga waɗansu alamu ku riƙe. Turawa sun ci Kano a 1903. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, jirgin sama ya fara sauka a 1925. Sarki Abbas ya rasu a 1919, Sarki Usman a 1926. An yi yunwar Mai Buhu a 1927. An sami mulkin kai a 1960, an naɗa Sarki Ado Bayero a 1963. An koma tuƙi ta hannun dama a 1972, an canja kuɗi daga fam da sule zuwa naira a 1973, shekarar babban fari.

Kada wata ta ce zancen tsohuwar ƙauye bai isa a rubuta ba. Akwai wata tsohuwa, Baba, mutuniyar Karo ta ƙasar Kano, wadda ta zauna da wata Baturiya, Mary Smith, a Giwa ta ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, ta ba ta labarin rayuwarta tun daga zamanin harin bayi. Baba ta rasu a 1951, aka buga littafin a 1954, har yau ana karanta shi a jami'o'in duniya. Da Baturiyar nan ta ce sai baɗi, ko sai bayan baɗi, da duk ya bi Baba kabari. Kowane gida akwai irin Baba, marubuciya ce babu.

Ku kuma iyaye mata, ku ba su kuɗin mota, in da hali ku raka su. Auta ta mai da aikinta makaranta da sunaye uku da ba mu da su a dā, da layi ɗaya wanda ta bari fari, wurin sunan garin. Ta ce in bar mata shi haka, wai in ta girma za ta je Damagaram da munduwar nan ta tambaya. Inna ta riga ta ce bayan ranta munduwar ta kishiyarta ce.

Wadda ta yi wannan aiki ta aiko mini da abin da ta samo, ba sai da sunaye ba, za mu buga waɗanda suka fi ma'ana a wannan fili. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba tsofaffinmu lafiya, ya ba mu ikon zuwa gare su tun suna iya amsa sallama. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.